Bayan An Tare A Gini, Wa Ke Komawa Ya Auna Shi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu domin mu taɓo wani ɓangare na sana'ar gini da ba a cika kawo shi a jarida ba. Gini yakan shiga labarai sau biyu ne, ranar da aka yanke kyalle da kuma ranar da ya rufta, Allah ya kiyaye. A tsakanin waɗannan ranaku akwai shekara talatin ko hamsin da ɗalibai ke sharce gumi a aji, majinyata ke kwana a ɗakin da iska ba ta ratsa shi, akanta kuma yana ta sa hannu kan kuɗin man janareta bai san wane hawa ne ke shanye shi ba. Mu masu zanen gini ne da injiniyoyin lantarki da na injina da masu kula da gine-gine, kuma maganarmu ɗaya ce: samfurin gini na kwamfuta da ake biyan kuɗi a yi lokacin zane ya fi amfani bayan an tare, amma sai in an gyara shi ya dace da abin da aka gina, an kuma ɗaura masa awon gaskiya daga cikin ɗakunan.

Ga wanda bai saba da shi ba, wannan samfuri da ake kira BIM ba shi ne hoton nan mai ƙyalli da ake mannawa a allon kwangila ba. A cikinsa kowane bango yana ɗauke da bayanin kaurinsa da irin bulonsa. Kowace taga tana ɗauke da faɗinta da irin gilashinta da gefen da take kallo. Kowane ɗaki yana da lamba da girma da yawan mutanen da aka yi shi dominsu, haka kowace esi da kowane famfo. Manhajojin da aka fi yin sa da su su ne Revit da ArchiCAD, sannan akwai tsarin fayil na kowa da kowa mai suna IFC, wanda ake iya buɗewa ko da ba ka mallaki manhajar da aka yi zanen da ita ba.

Birtaniya ta daɗe tana fama da wannan magana, kuma tarihinta bai yi wa masu sana'a daɗi ba. Ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasar, RIBA, ta sa matakin komawa a duba yadda gini ya kasance cikin tsarin aikinta na 1963, sai kuma ta cire shi a 1972 saboda masu ba da aiki ba su yarda su biya kuɗinsa ba. Daga 1995 zuwa 2002 aka yi jerin binciken PROBE, inda aka koma cikin gine-gine kimanin 20 da ake yabo, aka karanta mitocinsu, aka yi wa mazauna tambayoyi, aka buga sakamakon a fili. Abin da ya riƙa fitowa shi ne na'urori sun yi wa masu kula da su rikitarwa, fitilu da injinan iska na kwana a kunne, makunnai kuma ba wanda ya san abin da suke kunnawa. Daga nan aka fito da tsarin Soft Landings a 2009, wanda ke riƙe mai zane da ɗan kwangila su ci gaba da leƙo ginin har shekara 3 bayan miƙa makulli. Gwamnatin ƙasar ta wajabta aiki da BIM a kwangilolinta daga Afrilun 2016. A 2016 ɗin ce kuma hukumar Innovate UK ta fitar da rahoto kan makarantu da ofisoshi da makamantansu, ta ce hayaƙin kabon da suke jawowa ya ninka hasashen lokacin zane sau 3.8 a matsakaici. Wani ɓangare na tazarar ya zo ne daga abubuwan da lissafin zane bai ƙirga ba, irin su kwamfutoci da kicin da aikin dare, amma sauran laifin gini ne da yadda ake gudanar da shi. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, kuma ake da masu duba gini a kowane mataki.

Mu ma muna da ƙa'idojin da za a auna gini da su. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta Nijeriya ta 2017 ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi mata inuwa, fitilun ofis kada su wuce wat 8 a kowace murabba'in mita, na gida wat 6, esi kuma ta fitar da zafi aƙalla ninki 2.8 na wutar da take ja, a kuma sa wa rufi abin tare zafi, wanda a audugar gilashi yakan kama kaurin milimita 50. A 2022 an sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11 game da kula da gine-ginen gwamnati. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, ya tashi zuwa naira 225 kowane kilowat a awa. Duk waɗannan takardu ne har sai wani ya shiga ginin da ma'auni a hannu.

Aikin yana farawa tun kafin miƙa makulli, da gyara samfurin. Ba ginin da ake gamawa kamar yadda aka zana shi. An rubuta gilashi mai tare zafi, aka sa fari na kasuwa. An zana bututun ruwa ta gabas, mai aikin famfo ya bi ta yamma saboda ya ci karo da ginshiƙi. An matsar da bangon raba ɗaki rabin mita, audugar rufi kuma ta faɗi a lissafi lokacin da kuɗi suka yi ƙasa. In aka yi awo a wannan gini aka kwatanta da samfurin zane, ana kwatanta gine-gine biyu ne daban. Don haka sai an bi ɗaki ɗaki da ma'aunin tsawo na leza, an duba takardar da ke jikin kowace na'ura, an hau silin an ga abin da ke can da ido. Hanya mafi arha ita ce a ɗauki hoton kowane bango da kowane silin kafin a yi shafe ko a rufe, lokacin da wayoyi da bututu ke a fili, a ajiye hotunan da lambar ɗakin. Na'urar leza mai zana gini gaba ɗaya tana da amfani a tsohon ginin da zanensa ya ɓata, amma fatar bango kawai take gani, ba ta ganin abin da ke ciki.

Akwai abu biyu ƙanana da ke lalata lissafin rana gaba ɗaya, kuma mun ga ana yawan tsallake su. Na farko wurin da aka ce ginin yake. Manhaja takan zo da birninta, Boston ko Landan, in ba a canza ba inuwar da za ta zana ta can ce. Na biyu arewa. Mai zane yakan juya gini ya zauna daidai a takarda, arewar takarda kuma ba ita ce arewar Allah ba, sai an shigar da kusurwar da ke tsakani. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana takan koma arewacin kai tun daga ƙarshen Afrilu har wajen ƙarshen Agusta. Ke nan bangon arewa, wanda littattafan Turai ke cewa ba ya ganin rana, a nan yana shan ta wata huɗu.

Sai lamba, kuma a nan ne muke son mai karatu ya ɗan tsaya, domin duk sauran aikin a kanta ya rataya. Kowane ɗaki ya sami lamba ɗaya tak, misali B-1-014, wato gini na B, hawa na ɗaya, ɗaki na 14. Lambar nan ce za ta kasance a jikin ƙofa, a cikin samfuri, a jikin ma'aunin da aka rataya a ɗakin, a takardar tambayoyi, da littafin mai gyara. Kada a dogara da suna. Ofishin darakta na bana shi ne ɗakin ajiya na baɗi, amma B-1-014 ba ya tashi daga inda yake. Haka kowace na'urar da ake gyarawa ta sami tata lambar a manne, in da hali da ɗan tambarin nan da waya ke karantawa. Tsarin COBie, wanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya fito da shi a 2007, jadawali ne kawai da Excel ke buɗewa: shafin hawa, shafin ɗakuna, shafin nau'in kaya, shafin kaya ɗaya ɗaya, shafin kayan gyara, shafin takardun garanti. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa nau'i da ɗaya ɗaya. Nau'i shi ne a ce esi mai doki ɗaya da rabi ta kamfani kaza, garanti wata kaza. Ɗaya ɗaya kuwa ita ce wadda ke ɗaki na 14, mai lambar masana'anta kaza, da aka ɗora rana kaza. In aka rubuta nau'i kawai, za a san akwai esi 60 a ginin amma ba za a taɓa gane cewa guda 4 ne ke cinye rabin kuɗin gyara ba.

Kada kuma a nemi bayanin komai. Mai gini da ya ce a cika masa bayani kan kowane ƙusa zai karɓi jadawali mai layi dubbai da ba wanda zai tantance, rabinsa kwafe ne. Abin da ake gyarawa ko canzawa ko ya shafi tsaron rai shi ake bi: esi, fanka, famfon tura ruwa, allon rarraba wuta, janareta, inbata da batura, tankuna, abin kashe gobara, ƙofofin tsira. Wani tarkon na cikin manhaja ne. Kowane abu a fayil ɗin IFC yana da lambar ɓoye mai harafi 22 da kwamfuta ke ba shi. In mai zane ya goge ɗaki ya sake zana shi maimakon ya gyara, lambar ta canza, duk karatun da aka ɗaura wa tsohuwar ya zama maraya. Shi ya sa muke cewa a ɗaura komai a kan lambar ƙofa, a bar ta kwamfuta ta zama ta biyu.

Maganar wuta ba ta gyaruwa bayan an gama gini sai da tsada, don haka tun a zane ake raba layuka: na esi daban, na fitilu daban, na soket daban, na famfunan ruwa daban, kowanne da ƙaramar mitarsa a allon rarrabawa na kowane hawa. A ƙasarmu dole a ƙara mita a kan kowace hanyar da wuta ke shigowa, ta kamfani da ta janareta da ta sola. Wanda ya ɗauki takardar kuɗin wuta kaɗai ya ce ita ce cin wutar ginin ya bar duk awannin da janareta ke ruri. Ƙananan mitocin nan suna aiki da zoben awo da ake saƙala wa waya, kuma a nan ake yin ɓarna. In an juya zoben, mita takan nuna kamar ginin ne ke ba da wuta. In zoben na 200 ne aka gaya wa mita na 100 ne, rabin gaskiya za ta riƙa faɗa har shekara ta ƙare. Gwajin mai sauƙi ne: a tara karatun ƙananan mitoci na mako guda a kwatanta da babbar mita, in tazarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari a koma a bi zobe zobe da ma'aunin hannu. A samfuri kuma a rubuta wace mita ke ciyar da waɗanne ɗakuna, a tabbatar da hakan ta hanyar kashe layi ɗaya ɗaya ana kallon inda ya yi duhu, domin abin da ke rubuce a murfin allo sau da yawa tarihi ne.

Janareta mai ɗauke da kaya daidai yakan ba da kilowat 3 zuwa 3 da rabi a awa daga litar man gas guda. In aka raba karatun mitarsa da man da aka zuba aka sami ƙasa da 2, to ko dai babban inji ne ke kwana yana kunna fitilun tsaro da firiji ɗaya, abin da ke cika shi da baƙin mai in kayan ba su kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, ko kuma man yana da wata ƙofar fita. Ruwa ma haka: a karanta mita ƙarfe 12 na dare, a sake karantawa ƙarfe 4 na asuba. In ta motsa a ginin da ba kowa, akwai bututun da ya fashe a ƙasa ko ƙwallon tsayar da ruwa na tanki ya mutu.

Awon zafi da danshi ana yin sa da 'yan na'urori masu batir, kamar girman akwatin ashana, da ke ajiye karatu da kansu. Kafin a raba su a zuba su duka a kwali ɗaya na awa 24, a daidaita agogonsu, duk wadda ta kauce wa 'yan uwanta da fiye da rabin digiri a ware ta. A rataya su a bangon ciki, tsayin mita 1.1 daga ƙasa, daidai kan mutumin da ke zaune, nesa da hasken rana da bakin esi da bayan firiji. Guda ɗaya ta zauna a waje cikin inuwa inda iska ke wucewa, domin karatun filin jirgin sama ba shi ne zafin tsakiyar gari ba. Ba sai kowane ɗaki ya samu ba. A zaɓi na gabas da na yamma da na kudu da na arewa, a hawan ƙasa da na tsakiya da na ƙarƙashin kwano, a ƙara ɗakunan da aka fi kuka da su. A saita su su ɗauki karatu duk minti 10. Wannan karatu 144 ne a rana, 52,560 a shekara daga na'ura ɗaya, in guda 40 ne sun haura miliyan 2. Kada a cusa wannan tari cikin samfuri, zai yi nauyin da ba zai buɗu ba. Karatu ya zauna a jadawalinsa, abin da za a kai wa samfuri taƙaitawa ce: ɗaki kaza ya yi awa kaza sama da iyaka a lokacin aiki.

Lokacin awo ma yana da ƙa'ida. Makonnin farko bayan tarewa ba su da amfani sosai, shafe bai gama bushewa ba, rabin ofisoshi ba kowa. Abin da ya fi shi ne shekara cikakkiya. In kuɗi ba su kai ba, a ɗauki mako biyu biyu a tsakiyar bazara, a tsakiyar damina, da cikin hunturu, domin kowanne da cutar da yake tonawa: bazara ta tona rufi da gilashi, damina ta tona yoyo da danshi da magudana, hunturu ya tona ƙura da sanyin safe.

Wace iyaka za a yi hukunci da ita? A ɗakin da ba esi, ƙa'ida mai lamba 55 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya gini ta Amurka, ta ba da lissafi mai bin yanayin waje: a ninka matsakaicin zafin waje na kwanakin baya da 0.31, a ƙara 17.8, sannan a ba da digiri 3.5 sama da ƙasa. In matsakaicin waje 32 ne, kamar yadda akan gani a bazara, tsakiya ta kama 27.7, iyakar sama 31.2. Fanka mai tura iska da gudun mita 1.2 a daƙiƙa tana ɗaga iyakar da digiri 2.2, abin da ke nuna cewa fankar da ke aiki ba ƙaramin abu ba ce. Lissafin yana tsayawa ne a matsakaicin waje na 33.5, kuma Sakkwato da Maiduguri kan taɓa wannan, to a ranakun sai a ba da rahoton awannin yadda suke, kada a ja lissafi inda bai kai ba. Ga iskar numfashi, ma'aunin iskar kabon, wadda mutane ke fitarwa in sun yi numfashi, a waje yana nuna kusan 420 cikin miliyan. Ajin da ke wuni sama da 1,500 iska ba ta ishe shi ba. Sai dai yawancin waɗannan ma'aunai suna gyara kansu da zaton cewa mafi ƙarancin karatun mako iskar waje ce. A ɗakin kwanciyar marasa lafiya da ba ya zama fanko dare da rana, wannan zato ƙarya ne, ma'aunin zai riƙa rage karatu a hankali har ɗaki mai cunkoso ya fito lafiya lau. A kashe wannan saiti, a riƙa fitar da ma'aunin waje ana daidaita shi da hannu. Haske kuwa a auna shi a kan tebur, da ma'aunin ƙarfin haske da ake kira laks, ofis laks 500, aji aƙalla 300, sau ɗaya da labule a buɗe sau ɗaya yadda aka tarar da shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'auni ba zai gaya maka cewa an rufe tagogin yamma da kwali saboda hasken rana na hana ganin allo ba, ko cewa ba a buɗe na ƙasa saboda warin sokawe. Don haka bayan an shekara a ciki sai a raba takardar tambayoyi shafi biyu, kowace tambaya da maki 1 zuwa 7: zafi a bazara, sanyi a hunturu, iska, haske, hayaniya, ruwa da banɗaki, da saurin gyara in an kai ƙara. A yi ta da Hausa da Turanci, a miƙa hannu da hannu da safe a karɓa kafin a tashi, wadda aka bari a kan tebur ba ta dawowa. A tambayi masu shara da masu gadi da ma'aikatan jinya na dare, su ne suke ganin ginin a lokacin da manya ba sa nan. Ba a rubuta suna, lambar ɗaki kawai. Amma lambar ɗakin da mutum ɗaya ke zaune suna ce, don haka a haɗa amsoshi zuwa rukunin da bai gaza mutum 5 ba kafin a nuna wa shugabanni. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, kuma ko ba doka, wanda ya ji tsoro zai ce komai lafiya.

A nan ne samfurin ke biyan kuɗinsa. Tun da karatun ma'auni da na mita da amsoshin mutane da littafin gyara duk suna ɗauke da lambar ɗaki, sai a umarci manhaja ta shafa wa kowane ɗaki launi gwargwadon abin da aka samu. Jadawali mai layi dubu ba ya magana, amma zanen bene mai launi yana yi. In ja ya kwanta a hawan sama gaba ɗaya, a hau rufi, kwano a tsakar rana yakan haura digiri 60, kuma silin kaɗai ba ya tare shi. In ja ya miƙe daga ƙasa zuwa sama a gefe ɗaya, a duba gilashi, kuma samfurin zai ba da faɗinsa nan take. Ga lissafin: taga mai murabba'in mita 10 da ke kallon yamma, rana na zuba mata wat 600 a kowace murabba'i da la'asar, farin gilashi na barin kusan kashi 80 cikin ɗari ya shige, wat 4,800 ke nan. Esi mai doki ɗaya da rabi wat 3,500 take iya fitarwa. Kafin a ƙirga mutum 20 da kowannensu ke ba da kusan wat 100, taga kaɗai ta riga ta fi ƙarfinta. Mai gyara zai yi ta ƙara gas yana cewa esi ce ba ta da kyau, alhali rumfar taga ake bukata. In kuwa ɗaki ɗaya ne ya yi ja a tsakiyar masu kore, to nasa ne: ko mutane sun ninka abin da aka yi shi dominsu, ko ragar tace ƙura ta toshe tun hunturu, ko an jera rabin esi na waje a lungu mai rufi suna shaƙar zafin junansu.

Bayan wannan ana iya mayar da samfurin cikin manhajar lissafin makamashi, irin EnergyPlus da ma'aikatar makamashi ta Amurka ke bayarwa kyauta, a cire zato a sa abin da aka gani: yanayin shekarar da aka yi awo, awannin aiki na gaskiya, yawan mutane, awannin da ba wuta sam. Ƙa'idar ASHRAE mai lamba 14 ta ce in ana kwatanta lissafin manhaja da karatun mita na kowane wata, karkatar lissafi gaba ɗaya kada ta wuce kashi 5 cikin ɗari, warwatsuwarsa kuma kada ta wuce 15. Gargaɗinmu a nan shi ne kada a riƙa murɗa lambobi har sai sun dace. Kowane canji ya zo da shaida, hoto ko karatu ko takarda. Samfurin da ya dace ta hanyar gaskiya shi ake tambaya kafin a kashe kuɗi: in an shafa wa kwano farin fenti me za a samu, in an sa auduga fa, in an yi wa tagogin yamma rumfa esi nawa za a iya kashewa.

Ba mu ce kowane gini sai ya bi duk wannan ba. Ajujuwa shida a jere ba sa bukatar fiye da zane mai lamba, ma'auni huɗu da jadawali. Kuma muna jan hankalin hukumomi game da masu tallan allo mai walƙiya da ke nuna gini yana juyawa da karatun kai tsaye. Abin yana bukatar intanet da wutar da ba ta yankewa da kuɗin rajista duk shekara, ranar da ɗaya ya tsaya sai allo ya daskare. Na'ura mai batir da ake zazzage karatunta duk wata ta fi dacewa da yawancin wurarenmu. Inda binciken ya fi riba shi ne zanen da ake maimaitawa, ajujuwan firamare da ƙananan asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai. Kuskure ɗaya a irin wannan zane ana gina shi sau ɗari.

Abin da ke kashe samfuri daga baya ba fasaha ba ce, rashin mai shi ne. An fasa bango, an canza famfo, an mayar da ɗakin karatu ofis, ba wanda ya gyara fayil, cikin shekara biyu ba mai yarda da shi. Kashi na 3 na ISO 19650, ƙa'idar duniya ta kula da bayanan gini, wanda ya fito a 2020, ya tanadi cewa a ayyana abubuwan da in sun faru dole a sabunta bayanai, irin su babban gyara, canjin na'ura da canjin amfanin ɗaki. Ingila ta koyi wannan da tsada: bayan gobarar benen Grenfell a 2017 da ta ci rai 72, dokar tsaron gini ta 2022 ta wajabta ajiye bayanan dogayen gidajen kwana a kwamfuta ana sabunta su muddin ginin na tsaye. A wajenmu mafi sauƙi shi ne a naɗa mutum ɗaya a sashen ayyuka da sunansa, kuma kada a biya mai gyara sai ya kawo lambar abin da ya cire da ta abin da ya sa.

Saura kwangila, wadda in ba ta faɗa ba, ba wanda zai yi. A rubuta cewa samfurin da aka gyara mallakar mai gini ne, a miƙa shi a fayil ɗin asali da na IFC da jadawalin kaya, kuma a buɗe su a kwamfutar mai gini a gaban shaidu kafin a ba da takardar kammalawa. An saba riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangila na wata 6 domin gyaran abin da ya ɓaci. Ginin da aka miƙa a Yuni, wa'adinsa zai ƙare a Disamba bai taɓa ganin bazara ba, don haka muna ba da shawarar wata 12. A ware kuɗin bita a matsayin layi mai zaman kansa, a ƙarshen shekara ta 1 da ta 2 da ta 3, kuma wanda zai jagoranci bitar ya zama ba shi ya zana ba, ba shi ya gina ba, amma su biyun su zauna a teburin. Muna kira ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ma'aikatun ayyuka na jihohi su fara da gini guda a kowace shiyya, su haɗa kai da sassan zanen gini na jami'o'i kamar ABU Zariya da BUK, inda ɗalibai za su iya rataya ma'aunai da raba takardu ƙarƙashin malamansu. Sharaɗin da za a gindaya shi ne a buga sakamakon kowa ya gani, har da lambobin da ba su yi daɗi ba, kuma a sa shi cikin takardun da ake ba mai zanen gini na gaba kafin ya fara aiki.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naka,
Wasu masu zanen gini da injiniyoyi da masu kula da gine-gine,
Kaduna da Kano.